Kebul ɗin Bayan Kunnen Inna

Idan na zare kebul ɗin nan, gyara Inna zan yi ko kashe ta? Har muka isa shagon Tanimu mai gyara ban samu amsa ba.

Tun da aka fara kwashe wa tsofaffi tunaninsu ana zubawa a faifan ajiya, Inna take yawo da nata a 'yar jaka, kebul ya bi ta ƙarƙashin mayafi ya shiga bayan kunnenta. Yau da safe faifan ya fara ƙara, ƙas, ƙas, ƙas.

Tanimu ya kara kunnensa a jakar, ya daɗe yana saurare. "Ko dai kebul ne ya karye ta ciki, ko faifan ne ke mutuwa. Sai an zare an canza za mu gane."

"In faifan ne fa?"

"In ya tsaya, ba lallai ya sake tashi ba. Ni kuwa ba na zare wa uwar wani. Ɗa ke zarewa."

"Ba zan taɓa ba," na ce. "A bar ta haka."

"Malam, duk ƙarar da ka ji, wani abu ne ya goge."

Inna ta juyo tana murmushi. "Zubairu, mu tafi gida."

Ni ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife ni bakinta bai taɓa furta sunana ba, sai dai "wannan yaron". Kunyar ce ta goge.

Na ɗaga mayafinta, na yi bisimilla, na zare.