Sandar Baba a Kasuwar Bodinga

Ina 'yar shekara bakwai na raka Baba kasuwar Bodinga. Da ƙafa ɗaya ya dawo daga yaƙin da Turawa suka kai su ƙasar Bama, yana dogara sanda.

Bayan azahar Baturen mulki ya ratso kasuwar, kowa ya zube ban da Baba. Ɗan doka ya daka wa Baba tsawa: "Kai gurgu, durƙusa!"

Baba ya ce, "Gwiwad da za ni durƙusawa da ita, can Bama nib baro muku ita."

Ɗan dokan ya shure sandar, Baba ya kife. Ni na tallabo shi ina kuka. Baturen ko waiwaye bai yi ba.

Yanzu har na yi jikoki, amma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Yaƙinsu ne fa ya je ya yi musu!