Sabon Akwatin Wutar Dogo

Bakanike ya kwance fulogi, ya manna shi a jikin inji. "Buga mu gani."

Dogo ya buga kik. Wani ɗan tartsatsi ja ya leƙo ya mutu, kamar ashanar da ta sha ruwa.

"Ka gani? Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, har ƙara take yi. Wannan ko tsumma ba za ta ƙona ba."

Dogo ya sharce gumi. Babur ɗin nan ya gama da shi. Saboda yawan makara, gidan burodin da yake yi wa rabon kaya sun sallame shi, sun ɗauki wani.

Aka canja fulogi, aka gwada kwayil, aka goge wayoyi. Jiya i yau.

"Saura akwatin wuta," in ji bakanike.

"Haba malam, sabo ne dal! A ledarsa na kai wa yayana, shi ya ɗaura min da hannunsa."

Bakanike ya ciro akwatin, ya juya shi, ya ga wata alama da aka karta a bayansa, ya yi dariya.

"Sabo? Wannan kartar tawa ce, haka nake yi wa duk wanda ya lalace. Kwanaki na cire shi daga babur ɗin wani bawan Allah, ya tafi da abinsa."

Dogo ya karɓi akwatin ya duba. "Wane ne?"

"Wani mai rabon burodi, bai daɗe da samun aikin ba. Yanzu babur ɗinsa tashi ɗaya yake yi. Ya ce ƙaninsa ne ya saya masa sabo. Kai, Allah ya ba mu irin wannan ƙani!"