Hular da Aka Auna da Ƙwarya

Tun da ungozoma ta ga cikin Zinariya ta hana ta tashi, saboda ɓari biyu da ta yi a baya, duniyarta ta koma tabarma da allura da zare. Da hantsi gidan iyayenta na Kurfi ke watsewa, kowa ya nufi gona, a bar ta da kukan kurciya. Mijinta Audi kuwa, tun da ya yi mata saki ɗaya, ko gaisuwa bai aiko daga Dutsin-Ma ba.

Rannan sai ga shi, Inna ta yi masa iso. Ya tsuguna bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Zinariya, na zo in maida ke, tun kafin ki sauka idda ta cika."

Ta ciji zare, ta miƙa masa hular da take ɗinki. Ya kafa ta a kai, sai ta zurmo masa har gira.

"Ta yi mani yawa," ya ce a hankali.

"Da ƙwaryar furata na auna, Malam. Ita ke wuni da ni."

Ya cire hular, ya jujjuya ta a hannu, ya tambaye ta:

"Tana raguwa?"

Ta dubi tabarmar gefenta, wadda ba mai zama kanta, sannan ta dube shi.

"Tana raguwa, amma aikin kwanaki ne. Kuma na daina auna kan da ba ya nan."

Audi ya tuɓe takalmansa.