Irin Geron Korgom

Wani soja ya dafa kafaɗar Jibo, shugaban ma'ajiyar irin shuka ta Korgom.

"Buɗe. Fari ake yi, Tasawa za a kai geron nan."

Jibo ya san iri in ya hau mota, ba ya dawowa. "Ba ni buɗewa, ranka ya daɗe."

"Ni in na yi magana, mutum ɗari ke rawar jiki. Kai wa ke jin taka?"

Aka fasa ƙofa. Ko tsaba babu.

"Ina geron?"

"Tuni na raba shi tiya-tiya, gida ɗari uku, amana har shuka. Duk yunwar nan ba wanda ya taɓa. Kama ni, sannan ka bi su ɗaya-ɗaya, ka nemo mai rawar jiki."