Mamaciyar da Lissafi Ya Bari a Raye

Inna mai wankau 'ya'ya biyu Allah ya bar mata, mata duka: babbar tela ce, Auta kuma malamar firamare.

Sankarar mama ta kama babbar. A asibiti aka ce ana gwajin haɗa magani biyu, ƙwaya da ƙarin ruwa, a ga ko masu ciwon za su ƙara kwana. Ta sa hannu. Wata biyar ana yi, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagara, zuciya ta tsaya tana zaune a kan keken ɗinkinta.

Ku ji inda aka ci amana. Akwai akawun da aikinsa kawai ya bi sawun masu gwajin, ya rubuta wa ke raye, wa ya mutu. Bayan sati biyu Inna ta je har teburinsa da katin marigayiya.

"Ɗan nan, mai katin nan ta rasu."

Bai ɗago daga wayarsa ba. "Allah ya jiƙanta, Iya. Ajiye nan."

Takardar mutuwa shafi huɗu ce, sai an nemo likita ya sa hannu. Akwai wani gurbi kuma mai layi ɗaya: "Ta daina zuwa." Nan malalacin ya ja biro, ya koma kan wayarsa.

Bayan shekara biyu ciwon ya fito wa Auta. Likita ya juyo musu da kwamfuta, ita da Inna, ya nuna wani zane kamar matakalar bene. Ya ce duk inda layin ya sauko, mutum ɗaya ne ya mutu, kuma ga shi na masu haɗin maganin da ƙyar yake saukowa.

Inna ta ce, "Likita, haɗin nan ne ya tsayar da zuciyar yayarta."

"Iya, mata ɗari biyu aka gwada. Babu ko ɗaya a lissafinmu da zuciyarta ta tsaya."

Auta ta dafa ta tana dariya. "Haba Inna, ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, za ki ja da kwamfuta? Lokacin Yaya ne ya yi." Ta karɓi biro.

Wata shida. Kumburin ƙafa, haki, zuciya. Ta bar yarinya 'yar shekara uku.

Wannan karon Inna ba ta bi ta kan akawu ba. Ta hau bene zuwa ofishin mai lissafin da ya zana matakalar, ta dangwara masa kati biyu.

"Nuna mini matakin babbar 'yata."

Ya duba lambar katin, ya daɗe yana dubawa. Babu mataki. Wani ɗan tsinken layi ne kawai a jikin zanen.

"Wannan fa?"

"Alamar wadda ta daina zuwa ce, Iya. Lissafi yana ɗaukar cewa da ranta muka rabu."

"Ta daina zuwa? To daga kabari kuke so ta hau mota ta zo muku? Ƙirga mini tsinkayen nan!"

Ya ƙirga. Talatin da ɗaya. Aka bi lambobin waya, aka tarar sha tara an daɗe da binne su. Da aka gyara zanen, layin ya rufto ƙasa, aka dakatar da haɗin.

Akawun fa? An mayar da shi wani ofis, da fankarsa da wayarsa. Har yau duk Litinin Inna tana kan bencin ƙofar shugaban asibitin, jika a baya, kati biyu a hannu. Ba ta neman sadaka. So take a kira akawun a gabanta, ya karanta sunayen sha taran nan da bakinsa, a kuma hukunta shi.

Ku masu biro, ku ji da kyau: wanda ya rubuta mamaci a layin masu rai, shi ya haƙa kabarin na bayansa. Ku kuma 'yan uwa, in naku ya rasu ana cikin gwajin magani, kada ku bar teburin sai kun ga an rubuta.