Makarantar da Baban Gola Ya Zaɓa

"Ni fa ban yarda ba," in ji Maman Gola a gefen filin ƙwallon makarantar. "Yaro ya kwana nan Litinin zuwa Juma'a? Idan ya faɗi a raga, wa zai gasa masa gwiwa?"

Tsohon mijinta ya yi dariya. Tun da ya ƙwace yaron a kotu, duk abin da ta ƙi shi yake so.

"Malama, ɗana ne. Ga fili, ga koci. Nan zai yi."

Nan take ya sa aka yi wa yaron rajista.

Sai a bakin ƙofa ta ɗago kai.

"Af, Baban Gola, ranakun da alƙali ya ba ka ne fa ka kyautar. Asabar da Lahadi nawa ne. Ni zan riƙa ɗauko shi."