Dangwalen Yatsa

Iya ta jefa wa ma'aikacin gidan yarin wasiƙun da aka dawo mata da su.

"Kai yaro, uban wa ya hana su shiga?"

"Tabon tawada, Iya. Doka ce."

Ba tabo ba ne, yatsanta ne. Rubuta mata ake yi, ta dangwala. Ɗanta da ke tsare a ciki ya bar ta tana jinya, ya rantse ranar da wasiƙa ta zo babu dangwalen, ya san ta mutu ana ɓoye masa, kuma bin ta zai yi.

"Kwantar da hankalinki, a wasiƙar ƙarshe na tausaya miki. Na yanke tabon da almakashi, na miƙa masa."

Ta cafke hannun rigarsa.

"Yau ka gan shi?"

Ma'aikacin ya tsaya tunani.